Babi na Bakwai: Tulunan Wuta

Mutumin Tsafe in ya ji an ce Bilbis, hankalinsa ba zai wuce garin nan na ƙasarsu ba. To, akwai wani Bilbis ɗin a Masar, a lardin Sharƙiyya, arewa maso gabas da Alƙahira, zaune a bakin tsohuwar hanyar Sham. Duk rundunar da ta keto hamadar Sina da niyyar cin Masar, ta kansa take bi. Amru ɗan Asi ya yi masa zobe a shekarar 640, kafin ya ƙarasa gaɓar kogin Nilu ya kafa birnin Fusɗaɗ. Shekara ɗari biyar da 'yan kai bayan haka, wani abu ya auku a wannan Bilbis da ya sa aka buɗe ɗakunan ajiyar makamai na Alƙahira, aka fito da tulunan wuta dubbai.

A watan Oktoba na 1168, Amalrik, sarkin daular da mayaƙan Salibiyya suka kafa a Ƙudus, ya taso da rundunarsa daga Asƙalan. Ba baƙo ba ne a Masar. Shekara huɗu kafin nan, shi da Shawar, wazirin halifan Faɗimiyya, suka haɗa kai suka tsare Asaduddin Shirkuh, sarkin yaƙin Nuruddin na Sham, a cikin Bilbis har wata uku. Shawar kuwa mutum ne mai baki biyu. Yau ya kira Nuruddin na Sham ya ɗora shi a kan mulki, gobe ya kira Nasara su kore masa mutanen Nuruddin. A 1167 har yarjejeniya ya ƙulla da Amalrik a kan zai biya dinari 400,000 don a kare shi. Amalrik ya ga arzikin Masar da idonsa, ya kuma ga raunin masu mulkinta, sai ya ga babu dalilin karɓar haraji alhali ƙasar dungurungum tana iya zama tasa.

Bilbis bai jima ba. Ranar 4 ga Nuwamba aka fasa shi, aka shiga yanka mutane, maza da mata da yara, Musulmi da Kibɗawa Kiristoci, ba a tambayi kowa addininsa ba. Waɗanda suka tsira daga takobi aka ɗaure su bayi. Hatta Wilyam na Sur, marubucin tarihin da ke ɓangaren Amalrik, bai ɓoye munin abin ba. Marubucin tarihi Ibnul Asir ya yi wani lissafi da nake ganin daidai ne: da maharan sun kyautata wa mutanen Bilbis, da Alƙahira ta faɗo hannunsu cikin sauƙi, domin mutane da yawa sun gaji da Shawar. Amma labarin yankan ya riga rundunar isa, kowa ya san abin da ke jiransa in ya buɗe ƙofa.

Alƙahira tana da ganuwa ta dutse da manyan ƙofofi waɗanda Badrul Jamali ya gina tun wajen 1087. Fusɗaɗ, wadda ke kudu da ita da ɗan tazara, ba ta da ganuwa, ga shi ita ce cibiyar kasuwanci da masana'antu, cike da hatsi da dukiya da gidaje masu hawa-hawa. Shawar ya san in Amalrik ya kama ta, ya sami sansani da abinci. Sai ya yanke shawarar kada a bar masa komai. Aka yi shela kowa ya fita. Marubucin tarihi Maƙrizi ya ba da labarin yadda mutane suka tashi a gigice, uba bai tsaya neman ɗansa ba, kuɗin hayar raƙumi daga Fusɗaɗ zuwa Alƙahira ya kai dinari 30, a tafiyar da ba ta fi ta sa'a guda ba. Sa'an nan waziri ya aika da tulun nafɗu 20,000 da bakin wuta 10,000, aka rarraba su lungu-lungu. Ranar 12 ga Nuwamba, cikin watan Safar na shekarar Hijira 564, aka kunna. Wutar ta yi kwana 54 tana ci.

Halifa Al-Adid, yaro matashi, ya aika wa Nuruddin takardar neman agaji, ya haɗa da gashin kan matan fadarsa, alamar cewa abin ya kai maƙura. Shirkuh ya taho, Amalrik ya janye a farkon Janairun 1169, aka kashe Shawar a cikin watan, Shirkuh ya zama waziri, bayan wata biyu shi ma ya rasu. Kujerar ta faɗa wa ɗan ɗan'uwansa, wani saurayi mai shekara talatin da ɗaya, Salahuddin Ayyubi. Sauran labarinsa kowa ya sani.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan tulu dubu ashirin. Marubutan tarihi na da ba sa rowar lamba, kuma Maƙrizi ya rasu a 1442, ke nan tsakaninsa da gobarar akwai sama da shekara ɗari biyu. Masu tonon kufai da suka yi aiki a Fusɗaɗ, musamman Kubiyak ɗan ƙasar Folan, sun nuna cewa wutar ba ta cinye birnin duka ba kamar yadda ake faɗi. Matafiyin nan Ibn Jubair, da ya ratsa garin a 1183, ya ga alamun ƙuna, amma ya tarar an gyara mafi yawa, kasuwa tana ci. Duk da haka, a rage lambar a raba ta biyu, ko huɗu ma, abin da take nunawa bai canja ba. Tsakanin faɗuwar Bilbis da kunna wa Fusɗaɗ wuta kwana takwas ne. Babu maginin da zai gina tulu dubbai, ya shanya, ya gasa, a ɗura musu mai, a toshe, cikin kwana takwas. A jibge suke a ɗakin ajiya suna jiran rana. Ke nan akwai magina da aikinsu ke nan, akwai masu haɗa man, akwai ma'aji mai riƙe da lissafi, akwai kuɗin baitulmali da ake kashewa a kai shekara da shekaru. Kuma ranar da aka fito da su da yawa haka, a kan gidajen talakawan da suka biya kuɗinsu aka fasa su.

Me ke cikin tulun? Larabawa suna ce masa nafɗu, wato ɗanyen man da ke tsattsafowa daga ƙasa da kansa. Akwai shi a Baku, a gaɓar tekun Kasfiyan, inda marubucin nan Mas'udi ya bayyana maɓuɓɓugansa tun ƙarni na 10. Akwai shi a arewacin Iraƙi wajen Kirkuk, akwai a kudu maso yammacin Farisa, ga kuma kwaltar da ke tasowa a Mataccen Teku. Ɗanyensa yana da kauri, ba ya saurin kamawa. Abin da ya mai da shi makami shi ne tacewa. Abubakar Razi, likitan nan na Rayyu da ya rasu wajen 925, ya bayyana yadda ake dafa nafɗu a rufaffiyar tukunya, tururinsa ya bi ta bututu ya huce ya ɗiga, a sami farin mai marar kauri. Ɗan'uwan kananzir ne da fetur. A kan wannan sai a ƙara farar wuta, da ƙaron itace, da kwalta, wani lokaci da kitse, don ya manne wa abin da ya faɗa a kai, kada ya kwarare. Ruwa ba ya kashe shi, sai ma ya ɗauke shi ya ƙara baza shi. Ƙasa da rairayi su ne maganinsa.

Rumawan Kustantiniyya ne suka fara yin suna da irin wannan wuta. Wajen shekarar 672 wani magini mai suna Kalinikos ya gudo daga Sham ya kawo musu haɗin da suke fesawa ta bututu daga gaban jirgin ruwa, kuma da shi suka ƙona jiragen Umayyawa a zoben da aka yi wa birnin, na farko a shekarun 670, na biyu a 717 zuwa 718. Sun riƙe sirrin da ƙarfi, har sarki Kustantin na Bakwai ya yi wa ɗansa wasiyya kada ya kuskura ya ba wata al'umma shi. Sun ɓoye shi har ya ɓace musu su ma, domin yau babu wanda ke da ainihin haɗin a rubuce. Musulmi ba su tsaya jiran sirrin Rumawa ba, tunda rijiyoyin man a ƙasarsu suke. A zamanin Abbasiyawa rundunar halifa tana da ƙungiya ta musamman, naffaɗun, masu jifa da wuta, da tufafinsu na kariya. Haruna Rashid ya tafi da su yaƙin Hiraƙla a 806. Wajen 1187 wani masani, Mardi ɗan Ali Ɗarsusi, ya rubuta wa Salahuddin littafi a kan makamai, a ciki ya jera hanyoyin haɗa nafɗu iri-iri.

Jifar kuwa iri biyu ce. Ƙananan tuluna da hannu ake wurga su, daga kan ganuwa ko daga jirgi zuwa jirgi. Manyan tukwane sai da manjaniƙi, babbar majaujawar nan da duk mai zuwa tafsiri ya san sunanta daga ƙissar Annabi Ibrahim, alaihis salam.

Labarin da ya fi nuna yadda abin yake aiki ya faru ne a Akka, a gaɓar tekun Falasɗinu. Tun watan Agusta na 1189 Nasara suka yi wa birnin zobe, Salahuddin kuma ya yi musu zobe daga baya, aka zauna ana kallon-kallo. Cikin hunturu suka sassaƙa hasumiya uku na katako, kowace mai hawa biyar, tsayinta kamu sittin, ta fi ganuwar birnin tsawo, tana tafiya a kan ƙafafu. Sun san da nafɗu, don haka suka lulluɓe katakon da fatu, suka jiƙa da ruwan khal, suka shafe da laka. Da bazara ta shigo a 1190 suka cike wani sashe na gwalalon birnin, suka turo su. Masu jifa da wuta na cikin gari suka yi ta jifa, ba abin da ya kama. Halifan Bagadaza ma ya aiko da kayan nafɗu da ƙwararrunsa a wannan shekara. Mutanen gari suka fara fid da rai.

A cikin garin akwai wani mutumin Dimashƙa. Ibn Shaddad, alƙalin rundunar Salahuddin, ya ce saurayi ne maƙerin tagulla. Ibnul Asir ya ce mutum ne mai sha'awar tara kayan haɗa wuta, har mutane suna zarginsa a kan ɓata lokaci, shi kuwa ya ce sha'awa ce kawai. Ya je wurin Ƙaraƙush, sarkin yaƙin birnin, ya roƙa a ba shi manjaniƙi guda. Ƙaraƙush yana cikin ɓacin rai, ya kore shi, yana ganin abin da gwanaye suka kasa wane ne wannan. Wani da ke zaune a wurin ya sa baki, ya ce a bar shi ya gwada, ba a san ta hannun wanda Allah zai kawo buɗi ba.

Abin da ya yi shi ne wannan. Ya sa aka fara jefa tukwanen haɗinsa ba tare da an kunna musu wuta ba. Suna faɗawa a jikin hasumiya suna fashewa, ruwan yana kwarara, babu hayaƙi babu harshe. Mutanen da ke saman hasumiyar suka ɗauka abin ya ƙi ci ne, suka shiga tsalle da shewa. Shi kuwa yana jira man ya ratsa fatu, ya shiga tsagin katako, ya jiƙe kowane hawa. Da ya tabbata ya jiƙu, sai ya aika da tukunya guda mai wuta. Hasumiyar ta kama gaba ɗaya daga ƙasa har sama, waɗanda ke hawa na sama ba su sami sauka ba. Ya juya kan ta biyu da ta uku, waɗanda mutanensu suka riga suka tsere, ya ƙone su a yini ɗaya. Salahuddin ya miƙa masa dukiya da filaye, ya ƙi karɓa, ya ce don Allah ya yi. Ni dai a ganina, ko haɗinsa ya fi na sauran kyau, dabarar jinkirta wutar ita ce rabin nasarar. Sauran suna jefa wuta tana cin man a waje ta mutu a kan jiƙaƙƙiyar fata, shi kuwa ya bari man ya shiga ciki tukuna. Akka dai ta faɗi daga baya, a Yulin 1191, bayan isowar sarakunan Ingila da Faransa, amma ba hasumiya ce ta ci ta ba.

Shekara sittin bayan haka, a Mansura cikin Masar, aka maimaita wa sarkin Faransa Luwis na Tara irin wannan karatu. Yana ƙoƙarin cike wani reshen Nilu don ya haye, ya kafa rumfunan katako na kare ma'aikata, Misrawa suka riƙa aiko da tukwanen wuta cikin dare. Jarumin fadarsa Juwanbil, wanda ya kwana yana gadin rumfunan, ya bar mana bayanin ƙararsu da wutsiyar wutar da suke ja da yadda sansani ke haskewa kamar rana, da yadda jarumai ke zubewa ƙasa suna addu'a in sun hango ta. Rumfunan sun ƙone, sarkin kuma aka kama shi a Afrilun 1250.

Wannan duk a littafi yake. Tambayar da ta daɗe tana hana masana barci ita ce, ina tulunan?

Tun ƙarni na 19 masu tonon kufai suke cin karo da wani irin ƙaramin tulu, daga Fusɗaɗ zuwa Hama da Dimashƙa, daga Rayyu da Naisabur zuwa Samarƙand, har gaɓar kogin Bolga a Rasha. Tsayinsa bai cika wuce santimita 15 ba, ya cika tafin hannu. Kafaɗarsa faffaɗa ce, gindinsa tsini kamar katantanwa, ba ya zama da kansa in an ajiye. Bakinsa ƙanƙane ne ƙwarai, da ɗan wuya mai tsagi inda za a iya ɗaura igiya ko a liƙe marfi. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kaurin jikinsa, wanda kan kai santimita guda ko fiye, da irin gashin da aka yi masa da wuta mai tsanani har yumɓun ya koma tamkar dutse, ba ya tsattsafo da ruwa. Matanmu masu ginin tukwane sun san wahalar wannan. Abu mai kauri in bai bushe har ciki ba, a wajen gashi yake tsagewa, kuma gashin fili da kara da kashin shanu ba ya kai zafin da ake bukata. Sai da rufaffiyar matoya.

Wani Bafaranshe, Moris Marsiye, ya tara irin waɗannan tuluna, ya sa aka binciki abin da ya saura a cikinsu, ya fitar da littafi a 1952 yana cewa gurneti ne. A Hama, inda 'yan ƙasar Danmak suka yi tono a shekarun 1930, an sami wani ɗaki da masani Pita Penz ya fassara da cewa masana'antar haɗa su ce. Sai dai masu jayayya suna da hujja mai nauyi. Tulun da ake so ya watsa mai, ai so ake ya fashe da zarar ya taɓa ƙasa, to me ya kawo kaurin da ko an buga da dutse ba lalle ya tsage ba? Kuma me zai sa magini ya zauna yana yi wa abin da za a jefar zane da ado, har da rubuta sunan mai shi? A 1992 masana biyu 'yan Iran, Abdullahi Guchani da Shahriyar Adle, suka nuna cewa wasu daga cikin tulunan suna ɗauke da rubutun fatan a sha lafiya, suka haɗa da abin da mawaƙan Farisa suka faɗa, suka ce na fuƙƙa'u ne, wani abin sha na sha'ir mai kumfa, wanda ke bukatar mazubi mai ƙarfi don kada iskarsa ta fasa shi. An kuma sami waɗansu da ragowar zaiba a ciki. Wasu suka ce na turare ne, wasu na magani.

A 2022 aka sami ɗan haske. Karni Matison na Jami'ar Girifit a Ostireliya da abokan aikinsa suka ɗauki tsingaro huɗu da aka tono a Lambun Armeniyawa na birnin Ƙudus a shekarun 1960, waɗanda ke ajiye a wani gidan tarihi a Toronto, 'yan ƙarni na 11 zuwa na 12. Suka kankare abin da ya manne a cikinsu suka auna. Ɗaya mai ne a ciki. Biyu kayan ƙamshi ne ko magani. Na huɗun ya fita daban: ya fi sauran kauri, ba shi da ado ko kaɗan, akwai alamar an liƙe shi da ƙaro, a cikinsa kuma aka ga farar wuta da zaiba da maganiziyom da gishirin naitaret tare da kitse. Masu binciken sun yi taka-tsantsan, suka ce haɗin ya dace da abin fashewa, ba su rantse ba. In haka ne, kaurin ya sami dalili, domin abin da ake so ya tarwatse da ƙara, dole mazubinsa ya riƙe shi na ɗan lokaci kafin ya saki.

Ina ganin gardamar ta daɗe ne saboda kowane ɓangare yana son amsa guda ga tulu dubbai. Magini ya gano siffar da ke riƙe ruwa mai tsada ko mai haɗari ba tare da ya zuba ko ya huce ba, sai mai turare ya saya, mai magani ya saya, mai fuƙƙa'u ya saya, ma'ajin sarki ma ya aiko a gina masa nasa marar ado. Kuma ba kowace tukunyar nafɗu ce mai wannan siffa ba. Ibn Shaddad ya ce na mutumin Dimashƙa na tagulla ne, akwai na ƙarau, akwai na yumɓu marar kauri wanda in ya fashe ba mai bambanta tsingaronsa da na tukunyar miya.

Inda babu gardama shi ne can Gabas mai nisa. Rundunar Mongol da ta kai wa Japan hari a 1281 guguwa ta nutsar da jiragenta kusa da tsibirin Takashima, kuma tun 2001 masu nutso suke tsamo ƙwallayen yumɓu daga ƙarƙashin tekun, wasu da gutsattsarin ƙarfe a cikinsu. Waɗannan albarushi aka ɗura musu. Kafin ƙarshen ƙarni na 13 Hasan Rammah na Sham, wanda ya rasu wajen 1295, ya riga ya rubuta hanyoyin haɗa albarushi fiye da ɗari. Daga nan nafɗu ya fara ja da baya.

To, mu fa? Ƙasar Zamfara ba ta rasa yumɓu ba, ba ta rasa magina ba, yaƙi kuwa ta sha shi har ta ƙoshi, tun daga cin Birnin Zamfara da Gobirawa suka yi a tsakiyar ƙarni na 18, zuwa faɗuwar Alkalawa a 1808, zuwa hare-haren da suka sa Gusau da maƙwabtanta suka zauna cikin shiri shekara da shekaru. Amma wutar yaƙinmu a bakin kibiya take, da bakin wuta a hannun mahayi. Dalilin a fili yake. Tulun nafɗu yana bukatar maɓuɓɓugar mai a kusa, kuma yana bukatar abin da ya cancanci a kashe masa mai: jirgin ruwa, hasumiyar katako, manjaniƙi. Mu ganuwarmu ta ƙasa ce, ko tulu dubu aka fasa mata baƙi kawai za ta yi. A Fabrairun 1903 igwar Turawa kanta ba ta yi wa ganuwar Kano wani abin kirki ba, sai ƙofa suka fasa. Mutanen Kwatarkwashi da na Tsafe kuwa dutse ne mafakarsu. Kilafaton, Baturen da ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya a 1826, ya ga dawaki cikin lifidi, ya ga 'yan baka da 'yan bindiga kaɗan, har da wata tsohuwa Bazamfara a kan doki tana bin mayaƙa da goran ruwa, amma bai ga injin rushe ganuwa ba.

Abin da ke bayan ganuwar kuma ba ya bukatar mai. Jinka ce ta shibci, da darnin kara, da zana, da rumbunan da aka cika bayan kaka. Yaƙi kuwa da rani ake fita, lokacin da komai ya bushe ƙayau, iska tana kaɗawa. Tsumma a bakin kibiya ya isa. Shi ya sa mai hali yake yin soro da azara, shi ya sa rufewar ƙasa ta fi rumbun kara daraja a wurin mai tsoron gobara. Ko lifidin da Tarihin Kano ya ce sarki Kananeji ne ya shigo da shi, auduga ce aka cusa, tana tare kibiya amma ba ta shiri da tartsatsi. Mutanen ƙauyukan Tsafe da Bungudu na yau ba sa bukatar littafi ya gaya musu abin da ƙona rumbu yake nufi, kuma sun san ba sai da wani makami na musamman ake yinsa ba.

Amma akwai wuri guda a yankinmu inda tukunya ta shiga fagen fama, kuma an rubuta. Imam Ahmad Ibn Fartuwa, limamin Mai Idris Aloma na Borno, ya ba da labarin yaƙin Amsaka, wani gari mai kafi da gwalalo a kudu da tafkin Cadi, ta wajen Mandara, a shekarun 1570. Garin ya gagari waɗanda suka gabata. Liman ya lissafa abin da mutanen ciki suke jefowa daga bayan kafinsu: wuta, kibau masu dafi, masu, curin yumɓu busasshe mai fasa kai, da tukwane cike da ƙazanta tafasasshiya. Tunanin ɗaya ne da na Akka, a cika tukunya da abin da jiki ba ya so, a bar ta ta fashe a kan maƙiyi. Da farko karan dawa aka riƙa zubawa don cike gwalalon, daga baya Mai Idris ya sa a cike shi da ƙasa. Ya kuma sa aka kafa hasumiya uku na itace kewaye da garin, 'yan bindigarsa suka hau suna harbi cikin kafin daga sama. Hasumiya uku, daidai da na Akka, a gaban mutanen da suke da tukwane, suke da wuta, amma babu nafɗu a ƙasarsu. Hasumiyoyin suka tsaya, gwalalo ya cika, aka sare kafin da gatura, Barebari suka shiga Amsaka.